Ranar da Kaka Ya Ci Gadon Baffa

Shekarun da na yi a waje sun koya min abubuwa da yawa, amma ba su koya min zama wuri ɗaya ba. Na yi dako, na yi wanke-wanke a otal, na bi manyan motoci har takalmana suka gaji da ni. Da na dawo gida sai na tarar komai yana inda na bar shi: bishiyar mangwaro a tsakar gida, Kaka a gindinta kan kujerarsa da rediyo a cinya, Goggo a ɗakin gaba mai ƙofa ta titi tana taka keken ɗinki. Abu ɗaya ne ya sauya. Baffa, ƙanen babana, ya zama Lauya.

Ba makaranta ya je ba. Tuƙa wani lauya ya yi na ɗan lokaci, har ranar da ya saki sitiyari yana yi wa maigidan nasa bayanin doka da hannu biyu, mota ta faɗa kwata. Lauyan ya sallame shi, ya haɗa masa da tsohuwar baƙar kwat da jakar hannu mai karyayyen maɓalli. Tun daga ranar Baffa bai sake fita ba kwat ba, ko da rana na narka kwalta. A cewarsa, shari'o'in da ya saurara ta tagar kotu yana jiran maigidansa sun fi waɗanda alƙali ya saurara, don alƙali yana tafiya hutu, direba kuwa kullum yana bakin taga.

Ya same ni ina zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ya ja ni gefe ya ce na dawo a daidai. Ya ce ya gano abin da ke rusa gidaje: mutane suna jira sai tsoho ya mutu kafin su raba gado, lokacin kowa idonsa ya rufe. Shi zai raba namu tun Kaka yana tari, cikin natsuwa, a ga yadda masana ke aiki. Idan unguwa ta gani, kowa zai kawo masa gidansa a raba. Zai buɗe ofis, ni kuma in zama babban mataimaki. Na tambaye shi ina ofishin zai kasance. Ya kalli ɗakin gaba, inda ƙarar keken Goggo ke fitowa, ya gyara wuyan kwat.

Da ina da abin yi da ban bi shi ba. Ba ni da shi.

Muka fara da neman izinin mai gida. Kunnen Kaka irin na zaɓe ne. Ko raɗa aka yi a kicin cewa an sayo nama yana ji, amma a yi masa maganar asibiti sai ya kurumce. Baffa ya durƙusa a gabansa ya yi ta zuba bayani da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Kaka ya rage muryar rediyo ya ce, "Ku yi wasanku, amma kar a taɓa min inuwa."

Baffa ya juyo ya ce in shaida, wannan shi ake kira amincewa ta baki a gaban shaida, ko babbar kotu ba ta isa ta rushe ta ba. Babana kuwa, da muka kira shi a wurin aikinsa mai nisa, cewa ya yi mu yi abin da muka ga dama, yana cikin hayaniya, ya kashe waya. Nan take Baffa ya naɗa ni wakilinsa.

Magada uku ne, don haka launi uku. Baffa ya sayo jan fenti don kansa, shuɗi don babana. Da aka zo kan Goggo ya ce kasuwa ta tashi, sai a yi mata da alli. Na riƙe bakin igiya, shi ya riƙe ɗaya bakin da burushi, muka shiga ja wa gida layi. Ja ya cinye ɗakin gaba da baranda, ya miƙa wani siririn harshe har gindin mangwaro, don Baffa ya ce bishiya mai 'ya'ya sai mai hankali. Shuɗi ya ɗauki ɗakunan tsakiya. Alli ya samu bayan gida kaf: ɗakin ajiya inda kaji ke kwana, da kicin, da famfo, da banɗaki. Baffa ya ce wa Goggo ta gode wa Allah, nata ya fi na kowa faɗi, kuma mata suna son wurin da ba hayaniya.

Goggo, wadda ita ce babba a cikinsu, ta fito da almakashi a hannu da zare a leɓe, ta bi layukan da kallo.

"To Lauya, wancan tsohon da ke inuwa fa, kason wa ya faɗa?"

Muka duba. Jan layi da na alli a ƙarƙashin kujerar Kaka suka haɗu. Baffa ya buɗe jaka ya rufe, sannan ya yanke hukunci cewa Kaka kayan tarayya ne, kowa na iya amfani da shi. Ya ɗora da doka ta biyu: daga yau ba wanda zai taka kason wani sai da izinin mai kaso, don a saba tun yanzu. Ita kuma Goggo an yi mata alfarma ta zauna a ɗakin gaba zuwa ranar da za a kawo allon ofis, daga nan sai ta koma wurin kaji.

Goggo ta ce ya maimaita dokar ta biyu. Ya maimaita, har da ɗaga yatsa. Ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da sabon kwaɗo.

Washegari da safe na fito na ga Baffa tsaye a ƙarshen jan layi, kwat a kan singileti, buta a hannu, yana sauya ƙafa kamar mai taka wuta. Kwaɗo na rataye a ƙofar banɗaki, Goggo na zaune a bakin famfo tana wanke kofuna a natse. Ya ce mata akwai abin da doka ke kira haƙƙin wucewa. Ta ce ba ta ji shi a dokar jiya ba. Ya ce sha'anin gaggawa ne. Ta ce ya shigar da ƙara, za ta duba idan ta gama wanke-wanke. Ya waiwayo gare ni, na ce ni wakilin shuɗi ne, ba ruwana da rikicin iyakar wasu.

Haka Baffa ya fita da sauri-sauri, gwiwoyi a haɗe, ya buga ƙofar maƙwabcinmu mai facin taya. Daga ranar ya zama ɗan gida a can. Da matar mai faci ta hango kwat ta nufo su sai ta ce wa yara su ba Lauya hanya, shari'a ta matso shi. Shi kuma in ya fito sai ya tsaya ya yi musu bayani cewa abin da suke gani somin-taɓi ne na sabon tsari, nan gaba su ma za su roƙe shi ya tsara musu.

Sai aka zo kan kaji. Baffa ya bi su da burushi yana ɗiga wa kowace launi a wutsiya, suna tashi suna kakkaɓe masa fenti a fuska. Kajin Goggo ba su riƙe alli ba, don haka duk wadda ba ta da launi tata ce, har da kajin maƙwabta da ke shigowa kiwo. Wata ja kuma ta tsallaka iyaka ba izini ta yi ƙwai a ƙasar alli. Baffa ya ce ƙwai na mai kaza ne, Goggo ta ce na mai ƙasa ne. Ya kafa zaman shari'a a baranda, shi ne alƙali, shi ne mai ƙara, ya yi ta kawo misalan da ya ji ta taga. Kafin ya kai ga hukunci ƙamshi ya taso daga kicin. Goggo ta soya abin shaida ta kai wa kayan tarayya, ya cinye ya suɗe yatsa.

Ni dai dariya nake ta yi, har wata rana da yamma na leƙa ɗakin gaba na tarar Goggo ba ta ɗinki. Mai take ɗiga wa keke, tana goge shi da tsumma a hankali. Ta ce min ita wasan kwaɗo ba ya dame ta, tana iya yinsa har shekara. Amma Baffa da gaske yake a kan ɗakin nan, ga Kaka ya yi shiru, ga babana ya yi nisa. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, da ƙofar nan ta titi da keken nan ta rene 'ya'yanta. Wace mai kawo ɗinki ce za ta ratsa gida ta tsallake kashin kaji don a auna ta a ɗakin da ko taga babu? Na fita na zagaya unguwa na dawo.

Allon ya iso ranar da na fi tsoro. An rubuta masa da manyan baƙaƙe: LAUYA, ANA RABA GADO KAFIN A MUTU. Baffa ya ce ba za a kafa shi a ɓoye ba, sai an yi rabon kayan Kaka a bainar jama'a, kowa ya ga gwaninta. Muka yi ta fito da kaya ƙofar gida: akwatin ƙarfe, tsofaffin takalma, huluna, sanda, agogon bango da ya tsaya tun ina yaro. Har kujera Baffa ya zare. Kaka ya tashi yana gunaguni, ya rungumi rediyonsa ya shige ɗaki ya kwanta. Goggo na tsaye a ƙofar shagonta, idanu jajir, don an ce mata kafin rana ta faɗi keke ya bar ɗakin.

Mai aski na ƙarshen layi ya zo wucewa, ya ga hulunan Kaka a ƙasa, ya ga idon Goggo, ya tsaya cak. Ya tambaya ko lafiya. Baffa, yana jera takalma, ya ce lafiya lau, gadon tsoho ake rabawa. Mai aski ya dafe ƙirji ya ce yaushe abin ya faru. Baffa ya ce ai an kwana biyu ana ciki, kuma tsohon bai wahalar da kowa ba, yana can ɗaki a kwance abinsa. Mai aski ya juya da sauri, ko sallama bai yi ba. Baffa ya ce min in duba, talla ta fara aiki.

Kafin jama'a su taru ya ce saura abu ɗaya. Bishiya tasa ce, amma rassanta sun tsallaka ƙasar alli, Goggo kuma tana tsince duk mangwaron da ya faɗo. Zai hau ya shafa wa rassa na gari ja, masu tsallake iyaka kuma ya datse su. Na tuna masa Kaka ya ce kar a taɓa inuwa. Ya ce inuwa daban, reshe daban, in bar magana ga masu ita.

Na jingina tsani yadda ake jingina tsani, ƙafafunsa a baje nesa da gindi. Goggo ta biyo mu ta nuna ƙasa da almakashi. Ƙafafun tsanin a kan alli suke.

"Lauya, izini fa?"

Da wani ne da ya ce yi haƙuri Yaya. Baffa kuwa cewa ya yi ba zai ba abokin shari'a abin kamawa ba. Ya sa na matso da tsanin cikin siririn harshen nan nasa na ja, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Tsani ya tsaya tsaye ƙyam kamar soja. Na ce Baffa wannan ba zai tsaya ba. Ya ce abin da ya tsaya kan doka ba ya faɗuwa. Na ce bari in riƙe masa. Ya ce in na riƙe, ƙafata za ta taka alli, in koma shuɗi in tsaya.

Ya hau da bokitin fenti a hannu ɗaya, zarto a hammata, kwat na kaɗawa. Ya kai sama ya waiwayo zai yi mana jawabi. Tsani ya yi ɗan tunani, sannan ya rabu da bishiya a hankali, ya tafi baya da Lauya da bokiti da zarto. Allah ya taimaka a kan tarin yashin da ke gefen famfo ya sauka. Bokitin ya biyo shi ya kife masa a ka.

Ba inda ya karye, numfashi ne ya ɗauke masa na ɗan lokaci. Muka cire masa kwat, muka kinkime shi zuwa baranda inda iska ke kaɗawa, muka shimfiɗe shi a benci, ja tun daga gashi har farce. Goggo ta manta da faɗa, ta ɗauko wani farin yadi daga shago ta lulluɓe shi saboda ƙuda. Yana buɗe ido ya jiyo hayaniya a waje, ya leƙa ya ga rabin unguwa na tahowa, mai aski a gaba. Ya dubi jikinsa, ba kwat, ba mutunci. Ya ja yadin ya rufe har fuska, ya raɗa min in ce ba ya nan.

Jama'a suka shigo da sanyin jiki. Suka ga mutum miƙe a benci cikin farin yadi, ja na tsattsafowa ta ko'ina. Matar mai faci ta fara share hawaye tana cewa ashe ma hatsari ne, tsoho mai kirki. Ina buɗe baki in yi bayani sai ƙofar ɗaki ta yi ƙara, Kaka ya fito da rediyo a hammata yana tambaya wane mara kunya ne ya ɗauke masa kujera.

Mai aski ya yi baya ya taka ƙafar mai faci, mai faci ya zauna cikin akwatin ƙarfe. Wasu suka kai bakin titi kafin su waiwayo. Da aka ga marigayi yana tari yana zagi kamar kullum, sai aka dawo a hankali, ido ya koma kan benci. Wani ya ce to in ga tsoho, wannan wane ne? Wani ya hango kwat a yashe cikin fenti. Nan take magana ta juya: Lauya ne.

Kaka ya dubi kayansa a ƙofar gida, ya dubi allon, ya dubi tsani da zarto a gindin bishiyarsa, ya dubi babban yatsan ƙafar Baffa da ke motsi a ƙarƙashin yadi. Ya sa aka kawo masa kujerarsa, ya zauna kusa da benci, ya kashe rediyo. Ban taɓa ganin ya kashe rediyon nan ba.

Ya fara karɓar gaisuwa. Ya ce yaro ne mai yawan magana, amma haka Allah ya yi shi. Mai aski ya ce gaskiya mutumin kirki ne, ko da yake kowa ya san tuƙi ne aikinsa, tuƙin ma ba wani na a zo a gani ba. Yadin ya motsa. Matar mai faci ta ce ita ta yafe masa ruwan da ya ƙarar musu, sai dai yanzu yara za su samu shiga banɗaki a kan lokaci. Yadin ya ƙara motsi, na zauna a bakinsa.

Kaka ya ce tunda jama'a sun taru, kuma marigayi mutum ne da ba ya son a jinkirta rabon gado, gara a yi yanzu. Ya ce shi bai yi zaman tagar kotu ba, amma ya san in ɗa ya riga ubansa, uba yana cikin magada. Kwat, in an wanke, Goggo ta yayyanka ta yi tsumman goge keke. Jaka a ba kaji su riƙa ƙwai a ciki, a huta da shari'a. Allon a juya bayansa a rubuta sunan shagon ɗinki. Ina jin Baffa yana huci kamar tukunya a kan wuta, amma ya daure.

"Saura babur ɗin nan nasa da yake ji da shi," in ji Kaka. "Kai ɗan yawo, duba aljihun wandonsa ka ciro makulli. Naka ne."

Na sa hannu. Gawa ta cafke min wuyan hannu, ta yi wurgi da yadi, ta miƙe tsaye a kan benci jajir kamar barkono.

"Ban mutu ba! Wallahi ban mutu ba, ba mai taɓa min babur!"

Wannan karon har mai aski sai da ya kai titi. Kaka ko gezau. Ya kafa hannu a kunne ya ce me yaron nan ke cewa. Baffa ya ce yana da rai, kuma babu wata kotu a duniya da ke raba gadon mai rai. Kaka ya ce kunnensa ya yi nauyi, a ƙara murya. Baffa ya faɗa da ƙarfi. Kaka ya ce har yanzu bai kama ba, ya juya wajen jama'a ya faɗa musu, wataƙila su su ji. Baffa ya juya ga unguwa gaba ɗaya, fenti na ɗiga daga haɓarsa, ya daka tsawa cewa ba a raba gadon mai rai.

"Yauwa," in ji Kaka. "Ni ma ban mutu ba."

Dariyar da aka yi har kaji sai da suka watse. Mai faci yana cikin akwati yana buga ƙafa. Kaka ya bari aka lafa, sannan ya kira Goggo ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya ce gida nasa ne, da ransa da hankalinsa, kuma mai rai yana iya kyauta. Ɗakin gaba da ƙofarsa ta titi ya ba ta, kyauta ba gado ba, ga shaidu sun cika gida, gobe kuma za a je wurin lauya na gaske, mai shiga ta ƙofa, a tabbatar. Sauran gida kuwa a jira shi, ba ya sauri. Goggo ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya buɗe baki zai kawo wata doka, Kaka ya kunna rediyo.

Goge fentin ya ɗauke mu lokaci, don ja ba ya fita da daɗi, a siminti ko a mutum. Har yanzu bayan kunnen Baffa da sauran launi. Kwat ba ta tashi ba, amma bakin yana nan. A shagon mai aski yana gaya wa duk wanda ya zauna cewa tsarinsa ne ya yi aiki: an warware maganar ɗaki tun tsoho na da rai, ba kotu, ba rigima, kuma shi ya tara shaidu da dabara.

Babur ya koma hannunsa. Sai dai kowace safiya in ya turo shi zai fita, Kaka yakan rage rediyo daga inuwa ya kira shi.

"Lauya, ya jikin?"

"Lafiya lau, Baba."

"To madalla. Ka dai bi a hankali, ka kuma sa a duba tayar baya. Ba na son a bar min kaya a lalace."